Sannu da Aiki, Hedimasta

Shekarun baya, in ka bi ta bayan Sabon Gari a nan Keffi da damina, akwai wani gida da dole ka rage tafiya in ka zo wucewa. Katangarsa gajera ce, daga hanya kana hango tsakar gidan: ciyawa kore shar, an aske ta daidai kamar kan ango, ga bishiyar mangwaro guda a tsakiya. Yanzu in ka je siminti za ka tarar, da motocin 'yan haya. Gidan abokina ne.

Mu a unguwar Liman Abaji ba mu san a shuka ciyawa da gangan ba. Tsakar gidanmu ƙasa ce fes. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, in ta ga tsiro ɗaya ya leƙo, sai ta tsuguna ta tuge shi kamar ta kama ɓarawo. Abokina kuwa makarantar mishan ce ta raine shi. Iyayensa daga tsaunukan Eggon suka sauko, ya yi malanta har ya zama hedimasta, kuma da langalanga a hannu ya yi ritaya. Tun firamare muke tare. Ni na bi duniya, aikin tafinta ya kai ni Khartum da Duwala, daga baya Ingila. Shi bai taɓa yin nisa da Keffi ba. Da na dawo gida na zauna, kullum da hantsi nakan biya ta wurinsa, in same shi a sunkuye yana saran ciyawa, in ce, "Sannu da aiki, Hedimasta." Sai ya ɗago ya ce, "Aiki da godiya, Alhajin yawo. Yau ƙaryar wace ƙasa za a yi mana?"

Ba ni kaɗai ba ne. 'Yan acaɓa, mata masu zuwa kasuwa, tsofaffin ɗalibansa da suka yi furfura, kowa ya zo wucewa sai ya jefa masa wannan gaisuwa ta kan katanga.

Bayan rasuwar matarsa da 'yan shekaru, hawan jini ya buge shi, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ya tashi, amma hannun ba ƙarfi, ƙafar kuma sai ja. Sara da langalanga yana son mutum ya tsaya daram a kan ƙafafu biyu, shi kuwa ɗaya da rabi suka rage masa. Ciyawa ta yi tsawo, har maƙwabta suka kashe maciji a gindin katangarsa. 'Yarsa ta fari, wadda ke aikin jinya a Abuja, ta sa aka ɗauko wani mutum ya riƙa yankewa. Ranar farko abokina ya zauna a kujera yana kallo. Washegari ya sallami mutumin.

Na tambaye shi dalili. Ya ce, "Jiya duk wanda ya wuce, shi ya yi wa sannu da aiki. Ni kuma sannu da hutawa. A gidana, Alhaji. A kan ciyawata."

Na yi dariya a lokacin, don na ɗauka rigimar tsufa ce.

'Yar ba ta yi dariya ba. A gabana ta durƙusa ta ce, "Baba Alhaji, ka gaya wa abokinka gaskiya. Ba zan iya barci a Abuja ina tunanin maciji ba. Na ba shi wannan daminar. In ciyawar nan ta fi ƙarfinsa, zan tafi da shi wurina, a zuba wa gidan siminti a sa 'yan haya." Uban ya kau da kai yana kallon mangwaro. Duk mun san za ta aikata.

A nan ne yawona ya yi rana. Na ce masa a Ingila na ga tsofaffin da suka girme mu suna yankan ciyawa da wani inji mai shan fetur, wanda ba sai ka tura ba, shi ke jan kansa, kai dai ka riƙe ka bi shi. Ya ce, "Yana tafiya da kansa?" Na ce ƙwarai. Ya ce, "To ai ya fi ni. Mu je mu gaishe shi."

Muka ɗauki mota zuwa wani shago a hanyar Abuja, inda ake sayar da janareto da injinan ban ruwa da kayan da aka yi amfani da su a waje. Mai shagon ya jero mana iri uku. Akwai ƙarami wanda sai ka tura da ƙarfinka, wannan ko kallonsa ba mu yi ba. Akwai matsakaici mai jan kansa. Sai babban, shi ma mai jan kansa, amma cikinsa faffaɗa ne, wuƙa biyu gare shi a ƙasa, abin da yake askewa a wucewa ɗaya ya kusa ninka na ƙaramin.

Nan fa na buɗe bakin masani. Na ce faffaɗan ya fi, domin zirga-zirgar za ta ragu, ƙafar ba za ta wahala ba. Na yi ta bayani da Hausa, ina juyawa wurin mai shago da Turanci, har da Faransanci ya kufce mini, wanda babu mai ji a wurin sai ni. Na rufe da cewa, "Ka ga, sai ka gama da wuri ka huta."

Abokina ya dube ni ya ce, "In na gama da wuri, me zan yi da sauran ranar?"

Mai shago ya yi dariya, ya ce, "Baba, sai ka kalli talabijin."

Duk da haka faffaɗan ya zaɓa, amma ba don hujjata ba. Ya ajiye sandarsa, ya dafa matsakaicin ya jingina, sai gaban injin ya ɗaga sama. Ya dafa babban ya sake masa nauyinsa duka, inji ko gezau. Ya ce, "Wannan zan ɗauka. Ba ya rawa in an dogara da shi." Mai shago ya nuna mana ƙarafa biyu da ke jikin mariƙin. Ɗaya in ka matse shi ne injin zai zauna a kunne, ɗayan in ka matse ƙafafun za su ja. Ka saki, komai ya tsaya. Na fassara masa, na ƙara da cewa Turawa sun yi haka ne don kada abin ya gudu ya bar mai shi. Abin da ban lura da shi ba, wanda ya ƙera shi ya ƙera ne don mai hannu biyu.

Makonnin farko ni nake ja masa igiyar tayarwa, shi ya matse ƙarfen da hannun dama. Sai inji ya ɗauki ƙara, ya ja, abokina ya bi shi yana jan ƙafa. Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku wannan daminar ba. Mutumin da ba ya iya zuwa bakin ƙofa sai da sanda, ga shi yana kai da komo a tsakar gida, ƙamshin ɗanyar ciyawa ya cika unguwa. Ranar farko wani mai keke ya taka birki a bakin katanga ya ɗaga murya don ya rinjayi ƙarar: "Sannu da aiki, Hedimasta!" Bai iya ɗaga hannu ba, don in ya saki, injin zai mutu. Kai kawai ya gyaɗa. Amma na ga fuskarsa.

Kuma ya samo maganin gamawa da wuri. Maimakon ya ci faɗin injin duka, sai ya riƙa maimaita rabin inda ya riga ya yanke. Na ce, "Hedimasta, ai ka mayar da babban inji ƙarami." Ya ce, "Kai dai ja igiya, ba a tambaye ka ba."

Abin da ya dame shi shi ne jirana. Ranar da na makara, ko na tafi ɗaurin aure, aiki ya tsaya. Wata safiya na zo na ji inji yana ruri tun daga nesa. Ashe ya yanko robar tsohuwar tayar keke, irin wadda muke ɗaure komai da ita a ƙasar nan, tun daga famfo har murfin tukunyar mota, ya naɗe ƙarfen farko da ita. Yanzu hannun damansa ya samu sararin jan igiya. Na ce, "Wannan fa ba kyau." Ya ce, "A Ingila ba kyau. A nan kowa da roba yake tafiya." Da damina ta yi nisa hannun daman ya fara gajiya da matsa, sai na ga roba ta biyu a ɗaya ƙarfen. Muka yi musu sosai. Ya ce mini, "Ko roba, ko Abuja. Zaɓar mini." Na bar masa robarsa.

Wata Asabar ce da hantsi, an kwana ana ruwa. Ina zaune a kan benci, yana bin injinsa, sai ƙafar hagun ta harɗe da saiwar mangwaro. Ya faɗi ta gefe, hannunsa ya kufce. Inji bai tsaya ba. Ya ci gaba da tafiyarsa shi kaɗai, a hankali, yana aske ciyawa, har ya kai katanga ya dunguri bulo, ƙafafunsa suna ta juyawa a wuri ɗaya. Kafin in miƙe da tsofaffin gwiwoyina, sai na ji an buɗe ƙofa. 'Yarsa ce, ta zo ba sanarwa, da ledar magunguna a hannu.

Ita ta ɗaga shi. Ni na je na ɓalle robar, wuri ya yi tsit. Bai ji ciwo ba, sai laka a kafaɗa. Ya zauna a ƙasa yana kallon layin da injin ya yanka bayan ya bar shi, miƙaƙƙe sak daga gindin mangwaro zuwa katanga. Ya ce, "Kin ga layin nan? Shi ya yi abinsa. Ya ma fi nawa miƙewa."

Ta ce, "Baba, da ta kanka ya bi fa?"

Ya ce, "Ai ciyawar ba ta fi ƙarfina ba. Duba ki gani."

Ta duba. Gaskiya ne, gidan bai taɓa yin kyau kamar ranar ba. Ta fashe da kuka, ta ce, "Na gani, Baba. Amma ka shirya kayanka." Ta juyo gare ni ko zan ce wani abu. Robar tana hannuna. Da wane baki zan ce ta bar shi?

Kafin kaka suka tafi. Da rani aka zuba siminti.

Na kai masa ziyara a Abuja. Gidan sama ne mai tsabta, ana kula da shi iyakar kulawa, jikoki suna kewaye da shi. Na same shi a kujera a bakin taga, an rufa masa zane a ƙafa. Bakina ya riga tunanina, na ce, "Sannu da hutawa, Hedimasta." Ya dube ni ya ce, "Har da kai, Alhaji?" Ya yi murmushi don kada in ji kunya, ya tambaye ni ko an fara ruwa a Keffi. Bai ga damina ta gaba ba. A ƙauyensu aka binne shi, na je, na tsaya a bayan 'yan cocinsu har aka gama.

Na yi rayuwata ina juya magana daga wannan harshe zuwa wancan, amma sai a kan abokina na lura da wani abu a namu. Bature zai gaishe ka da safiya ko yamma, ko me ya same ka kana yi. Balarabe zai yi maka addu'ar lafiya. Mu kuwa sai mun faɗi abin da muka tarar da kai a ciki: sannu da aiki, sannu da zuwa, sannu da hutawa. Kullum masu wucewa suna gaya maka matsayinka, da kyakkyawar niyya, ba su san suna yi ba. Ni na ɗauka inji muka je sayowa don a rage masa wahala. Shi gaisuwarsa ya je karɓowa, kuma ya same ta, damina guda.

Ba na ganin laifin 'yarsa. Da ni ne ita, abin da zan yi ke nan. Ita ce ma ta aiko mini da injin, ta ce Baba ya ce a ba Alhajin yawo. Faɗinsa ya hana shi wuce ƙofar ciki ta zaurenmu, don haka a zauren yake, a gidan da ko tsiro ɗaya babu. Masu zuwa gaishe ni sukan ɗora hula a kansa.

Gidan ciyawa ya zama siminti, hanyata ta hantsi ta daina bi ta Sabon Gari. Kuma tun daga ranar nan ta Abuja, in na tarar da tsoho a zaune, ko carbi yake ja, ko jika yake riƙe da shi, ko hanya kawai yake kallo, sannu da aiki nake ce masa.