Rakan da Tagar Tanderu

Rakan ƙanina ne, ɗan autanmu. A unguwar Jarwal ta Makka aka haife shi, kuma tun yana ƙarami ba a ajiye rediyo kusa da shi, sai an dawo an tarar da hanjinta a waje. Babanmu direban bas ne mai kai alhazai Muzdalifa, ya rasu bai ga ƙarshen wannan ɓarna ba. Ummi ce ta gani, ranar da Rakan ya samu aiki a wani ɗakin bincike da ke hanyar Jidda.

Aikin nasa gasa faifai ne. Wasu siraran faifan silikon ake sa wa a tanderu, irin waɗanda ake yanka ƙwaƙwalwar waya daga jikinsu. Ba a taɓa su a ji zafinsu. Wata na'ura ce ke leƙensu ta ƙaramar tagar gilashi, ta karanta haskensu ta faɗi zafin, tanderu kuma ya bi maganarta. In tagar ta yi dishi-dishi, na'urar sai ta ga kamar wuta ba ta kai ba, a yi ta ƙarawa.

Da aka damƙa masa tanderun shi kaɗai, Ummi ta cika masa gora da Zamzam. Mu a gidanmu sabuwar mota ma sai an yayyafa mata.

"Ka shafa wa injin nan, ya waladi, ɗana," in ji ta. "Wallahi in ba ka shafa ba, ban yafe ba."

Rakan ya san da me ake wanke tagar, ya yi karatunsa. Amma ranar da ya ciro ta ya wanke yadda aka koya masa, sai ya tuna Ummi, ya ƙara ɗauraye ta da ruwan gorar. Ruwan ya bushe ya bar ɗan farin gishiri, kamar na gindin buta. Na'ura ta riƙa rage lamba, tanderu na ƙara wuta, faifan wata ɗaliba da ta daɗe tana wahala a kansu suka lanƙwashe gaba ɗaya.

Mudirinsu, wato shugaban wurin, Talal, ɗan Makka ne shi ma. Ya ɗaga tagar a haske, ya dubi Rakan, ya ce a hankali, "Zamzam?" Rakan ya ce min da zaginsa ya yi da ya fi masa sauƙi. Halas, shi ke nan, aka ɗauke shi daga tanderu aka mayar da shi sito yana jera kwalaye, inda yake har yau. Ni kaɗai ya gaya wa, kansa a ƙasa, ni ma na rasa inda zan sa idona.

Ranar Juma'ar nan mata suka cika falonmu ana shan shayi. Rakan ya zo wucewa, Ummi ta tare shi.

"Ta'al, muhandis, zo nan injiniya. Gaya wa Anti Lailatu, ka shafa wa injin ko ba ka shafa ba?"

Ya tsaya riƙe da labule. "Na shafa, Ummi."

"Kun ji ko?" Ta juya ga matan tana murmushi. "Shi ya sa har yanzu ba wanda suke yarda ya taɓa shi sai ɗana."