Faya-fayan Tamar

Duk wanda ya zauna Gangara a shekarun nan ya san Tamar matar Sulemanu, in bai san ta da suna ba ya san ta da faifai. Gidajen Kirista a garin ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, nasu yana can kusa da rijiyar gabas. Ubanta mutumin Maraɗi ne, ma'aikacin ikilisiya. Bai bar mata gona ba, bai bar mata akuya ba, sai karatun Hausar boko da taurin kai. Ɗinkin faifai kuwa wajen maƙwabciyarta Dado Bafulatana ta koya, har ta fi malamar tata, ko da yake Dado ba ta taɓa yarda an fi ta ba.

Sulemanu mutum ne mai sanyi, irin wanda in ka taka shi, shi zai ba ka haƙuri. Tun babban farin da ya share Damargu gona ta daina riƙe su shekara. Da an ɗaure damman gero sai ya rataya jaka ya nufi Kano cin rani, yana dako a wani sito, ba a sake ganinsa sai hadari ya fara haɗuwa. Wata bakwai yake yi a can, wata shekarar ma wata takwas. 'Ya'ya uku Tamar ta haifa, biyu daga ciki an haife su ba ya gari. Ɗaya ta rasu da bazara, maƙwabta suka rufe ta, shi sai bayan sati uku labari ya same shi. Tamar ba mai yawan kuka ba ce, amma wannan abu ya tsaya mata a rai, ta ƙi jinin rani ƙi na gaske.

Shekara bakwai bayan farin, da farkon damina, Baba Yahuza ya kawo magana. Shi ne direban kamyon, wato babbar motar kaya, ta wani Alhaji na Tanut, yana jigila tsakanin Damagaram da garuruwan Damargu, sau biyu a mako yake yada zango a Gangara. Ciwon baya ya fara ba shi wuya, zai ajiye tuƙi. Alhaji ya ce duk wanda Yahuza ya kawo da permi, takardar izinin tuƙi, a hannu kafin kaka, mota tasa ce. In ba a samu ba, akwai wani ɗan Damagaram da ke jira.

Sulemanu ya iya taɓa mota, a sito ya koya, yakan matsar da ita gaba da baya in direbobi sun tafi cin abinci. Abin da ke kayar da mutane a lakwal, makarantar tuƙi, shi ne kod, wato alamun hanya. Mushe, wato malamin jarrabawa, ya nuna alama da sanda, kai kuma ka faɗi abin da take nufi. Sulemanu bai san ko bihim ba a karatu, shekarunsa na Kano kuma kansa yana ƙarƙashin buhu ya yi su. A Gangara kuwa alamar hanya ita ce sawun raƙumi da wancan icen aduwa.

Yahuza ya ba su wani ɗan littafin kod da ya ji jiki, an buga shi da baƙin tawada kawai. Ya zauna da hantsi yana faɗin ma'anar kowane zane, Tamar na rubutawa da fensir a ƙarƙashi. Launi bai zo bakinsa ba, don wa zai tsaya gaya wa mutum jini ja ne? Daga nan Alhaji ya tura shi Arlit da kaya, ya yi wata biyu.

Aka fara karatu, karatu ya ƙi. Da Sulemanu ya dubi takarda sai hamma ta zo. Tamar ta yi lallashi, ta yi faɗa, rannan ta zuba wa zanen ido ta ga yawancinsu zagaye ne.

"Maigida, ai wannan faifai ne," in ji ta. "Bari ka gani."

Ta jiƙa kaba, ta rina wata da karan dafi ta yi ja, wata da baba ta yi shuɗi. Zane iri biyu ne a littafin: masu hani, bakinsu ne ya yi duhu, masu cewa bi nan, cikinsu ne ya yi duhu. Tamar ba ta ko tsaya tunani ba. Kowace mai ɗinkin faifai ta san shuɗi ake rufe baki da shi, ja kuma shi ke cika ciki. Haka Dado ta koya mata, haka aka koya wa Dado. Ta ɗinka goma sha huɗu, masu kusurwa uku ta yanko su daga tsohuwar tabarma, ta bi gari tana ratayawa: ɗaya a ƙofar gida, ɗaya a mararrabar kasuwa, ɗaya bakin rijiya, sauran a hanyar gona.

Gangara ta sami abin kallo. Kullum da safe Sulemanu ya fito da amalanken jakinsa, ya tsaya cak gaban faifai, ya duba dama ya duba hagu a hanyar da ko kaza babu, ya faɗi ma'ana da ƙarfi, sannan ya wuce. Tamar na biye da hauya a kafaɗa tana gyara masa. Masu zaman inuwa suka laƙaba masa Direban Jaki, ya amsa. Tsiya dai ta yi rana, don kafin a gama noman maimai ya haddace su tas. In ka tare shi yana cikin noma ka tambaya, zai ce maka shuɗi hani ne, ja izini.

Saura kwana biyar ya tafi, Yahuza ya dawo. Tamar ta zagaya da shi gari tana taƙama. Tsohon ya tsaya gaban faifan bakin rijiya, ya daɗe yana kallo, dariya ta zo masa ya haɗiye ta.

"Ɗiyata, hannunki ya yi kyau. Amma kin juya su. Ja shi ne hani. Duk inda direba ya ga ja, birki yake nema. Shuɗin nan shi ne mai cewa wuce."

"Baba, ba ka faɗa ba."

"Ban faɗa ba, laifina ne."

Tamar ta gane ɓarnar da ta yi. Wata biyu tana cusa wa mijinta abin da zai kayar da shi gaban mushe, in ma bai kayar da shi can ba ya kashe shi a hanya. Ta shige ɗaki ta zauna bakin gado, kunya da tsoro suka rufe ta, ta ga wani ranin yana tahowa. Sulemanu ya biyo ta ya tsuguna.

"Tamar, ni fa na so in tuna kamar na taɓa ganin mai jan baki a Kano."

Ta ɗago. "Ka gani ka yi shiru?"

"To, ke ce mai karatu. Kuma na ga wahalar da kika sha a kansu."

Ta rasa ko ta rungume shi ko ta buga masa faifai a ka. Ta share ido ta fita kiran Dado.

Sake ɗinka goma sha huɗu a kwana biyar ba zai yiwu ba. Dado ta juya ɗaya a hannu, ta taɓe baki ta ce tun da aka halicce ta ba ta ga faifai mai jan baki ba sai na mahaukata, amma ta zauna. Masu jan ciki aka tsoma su a baba har suka rine. Masu shuɗin baki aka farke bakin aka ɗinka ja. Kwana biyu suka gama, yatsu duk huji.

Gyaran faifai mai sauƙi ne a kan gyaran kan Sulemanu, don abin da ya shiga da wuya ba ya fita da daɗi. Sai Tamar ta kafa doka: kuskure ɗaya, guga goma a rijiya, a gaban mata. Wanda ya san zurfin rijiyar Damargu ya san ba wasa ba ne. Ranar farko guga saba'in ya ja, matan unguwa suka jera tuluna suna yi masa addu'ar ƙarin kuskure. Rana ta biyu talatin. Ta uku ko ɗaya, har wata tsohuwa ta yi fushi. Ya hau motar Yahuza tafin hannunsa duk ya kwaile.

Sati uku ya yi a Damagaram. Ranar jarrabawa, yadda ya ba da labari, mushe ya ɗora sanda kan wata mai jan baki, tsohon karatu ya zo masa har kan harshe. Ya dunƙule hannu, ya ji zafin igiya, ya ce hani ne. Da kaka ta yi, shi ya ɗauki geron Gangara zuwa Tanut.

Shekara goma sha tara ya yi a kan wannan hanya, bai taɓa taka ko ɗan akuya ba. Amma in an tambayi Tamar ranar da ta fi tunawa, ba ta faɗin ranar permi. Wata Laraba take faɗi, tsakiyar ranin farko da ya yi bai tafi Kano ba, zafi kamar a soya ƙwai a ƙasa. Sulemanu ya sauka gida, ya ɗauki ƙwaryar da take dama fura ya wanke hannun baƙin mai a ciki. Ta hau shi da faɗa, shi ma ranar bakinsa ya buɗe ya rama, har Dado ta leƙo ta kan danga. Ana cikin cacar baki Tamar ta tsaya da ƙwarya a hannu, dariya ta kama ta, hawaye na zuba.

"Lafiya?" in ji Sulemanu.

"Maigida, shekara bakwai da aurenmu, yau ne muka fara faɗa da rani."