Idon Na-Sama

Shekara ashirin da uku Na-Sama ya yi yana ɗaura wa mutane dish na talabijin, kuma bai taɓa sayen mitar auna sigina ba. Sunan ma daga aikin ya samo shi: duk wanda ya zo nemansa, sai maiɗakinsa ta nuna rufin wani gida ta ce yana sama. Kayan aikinsa tsani ne, da sifana, da idonsa. Yakan sa a juyo da talabijin ta fuskanci taga, ya hau kwano, yana murɗa dish yana leƙen lambar sigina a allo har ta kai, sannan ya ɗaure noti. Masu yawo da mita kuwa, makafi masu sanda yake ce musu.

Bara kamfanin dish ɗin ya matsar da tashoshinsa, aka ce kowa ya sake saiti. Gida goma sha ɗaya ne a layinsu, duk shi ya ɗaura musu, don haka ya bi su cikin kwana biyu. Tashoshin yau da kullum suka dawo. Masu hoto garau ɗin nan, waɗanda ake cewa HD, suka ƙi, in an danna sai allo baƙi ƙirin. Irinsu sun fi son sigina mai ƙarfi. Ko da faɗin yatsa dish ya kauce, su ke fara tafiya.

Mai aski ne ya fara kawo kuka, don masu kallon ƙwallo sun soma sauya shago. Na-Sama ya ce masa kamfani ne ya cire tashoshin, kuma haka ya faɗa wa kowa, ba ko ƙyafta ido. Telan layin ya rubuta takardar koke, gidaje goma sha ɗaya suka sa hannu, nasa ne na farko.

Abin da bai faɗa ba shi ne, kusan shekara ke nan lambar nan ta zama masa hayaƙi in yana kan rufi. Da cinta yake ɗaurewa. Ko maiɗakinsa ba ta sani ba.

A ƙarshen layin akwai wata tsohuwar malamar makaranta. Wata Asabar mijin 'yarta ya zo gaishe ta, ashe yana da mita a mota. Malama ta ce ba za a taɓa aikin Na-Sama ba in ba ya nan, ta aika aka kira shi. Shi ya riƙe tsani, surukin ya hau da mitarsa. Ba a yi minti goma ba hoto ya fito tangaran, har ana ganin ciyawar filin wasa. Kafin a ce me, maƙwabta sun cika ƙofar falo.

Mai aski ya ce, "Ashe kamfanin nan surukin Malama yake tsoro."

Aka yi dariya. Baƙon ya so ya rufa masa asiri, ya ce ai iska ce ta ture dish ɗin. Amma Na-Sama ya ji da kunnensa irin ƙarar da notin ya yi kafin ya kwance. Ba iskar da za ta motsa ɗaurinsa. Malama, da zuciya ɗaya, ta leƙo ta taga ta ce Na-Sama ya duba mata nawa sigina ya kai yanzu. Ya daɗe yana kallon allon.

"Malama, ba na gani," ya ce. "Na jima ba na gani."

Ba wanda ya ƙara dariya, wannan kuwa ya fi dariyar ci masa rai.

Mako uku bai hau rufi ba. Aski ma wata unguwa ya koma yi. Ya je aka auna masa tabarau, amma nesa ba ta dawo yadda take ba. Wata safiya maiɗakinsa ta ɗauko rimot ta tsaya masa a ka.

"Malam, tashi. Kai ka san hannu, ni na san lamba."

Gidan tela suka fara zuwa, ya roƙe shi ya yage takardar. Daga nan suka bi sauran gidajen, ita a falo tana karanto lamba ta taga, shi a sama yana murɗawa. Shagon mai aski ya bari a ƙarshe. Ta ce sittin da takwas, ta ce saba'in da huɗu, ta ce ya tsaya nan. Ya ɗaure.

Mai aski ya leƙo ya ce, "Na-Sama, shigo ka ga aikinka mana."

Ya ce ya yarda da abin da ta gani. Ya saɓa tsani, ya bi bayanta.