Sallamar Kaka a Ɗakin Ɓeraye

A shekararta ta ƙarshe a jami'a a Aliero, yayata ta koma kiwon ɓeraye. Farare ne tas, masu jajayen idanu, suna cin abincin da ya fi nawa kyau. A gidanmu na Jega ɓera tarko ake ɗana masa. Can kuwa auna nauyinsa ake yi, har da shimfiɗa.

Aikinta shi ne ta gano ko ganyen gwandar daji yana rage fargaba. Sai ta ɗura wa ɓera ruwan ganyen, ta ɗora shi bisa wani katako mai tsayi, mai hanyoyi huɗu, biyu da bango, biyu a buɗe. Matsoraci yakan lafe cikin bango. Wanda hankalinsa ya kwanta yakan fito fili yana leƙe-leƙe. Sau ɗaya ake hawa da kowane ɓera, don in ya san wurin, gwajin ya lalace. Kuma ba a son ko tari a ɗakin.

Ganyen daga wajen kakarmu yake zuwa, a Andarai. Shi ta yi ta dafa mana muna yara in mun hana ta barci. Da ta ji ɓeraye ake ba, sai ta ce sai ta gani da idonta. Wata Asabar na ɗauko ta a babur. Tun daga Maiyama take dukan bayana.

"Maigida, a hankali! So kake ka kashe ni ka auro yarinya?"

"Wa zai bar tsohuwa mai gonar gero?" na ce.

Mun iso Yaya tana kan ɓeran ƙarshe na waɗanda suka sha ganye. In wannan ya tafi daidai, ta gama. Na sa yatsa a baki na nuna wa Kaka. Ita kuwa tunda aka haife ta ba ta taɓa shiga ɗaki ba sallama ba.

"Salamu alaikum!"

Yaya ta daskare, idonta a kan ɓera. Ba ta amsa ba.

Kaka ta dube ni. "Kurma ta zama?" Ta ƙara murya, irin wadda take kiran awakinta da ita daga bayan gari. "Salamu alaikum! Ke! Boko ya hana ki amsa sallama?"

Na rantse kwanon rufin sai da ya motsa. Ni dai na kama ƙofa ina dariyar da ba sauti, hawaye na zuba.

Ɓeran fa? Ko gezau. Yana tsaye a fili, a ƙarshen katako, yana wanke fuska kamar dillalin shanu ranar kasuwar Jega.

"Kaka, don Allah," Yaya ta ce cikin raɗa, kamar za ta yi kuka.

"Mi na yi? Dibi wanga ɗan banza, ko tsoro bai ji ba. Ga aikinki nan na gama miki!"

Yaya ta durƙusa ta gaishe ta yadda ya kamata, gida da gona da awaki, tana hararata ta gefe kamar ni na ƙirƙiro sallama.

Ran Litinin ta gaya wa malaminta gaskiya. Ya yi dariya sosai, sannan ya ce wannan ɓeran ba zai shiga lissafi ba, tunda sauran ba su sha ihu ba. Sai da ta jira aka kawo wani, ta sake gwajin bayan 'yan ajinta sun tafi gida. Sakamakon ya nuna ganyen yana rage fargabar ɓeraye kaɗan, in an ƙara yawansa kuma barci yake sa su. Ta ci jarrabawarta a wannan shekarar.