Mama Lucia da Gwiwar Amarya

Kullum da safe Mama Lucia kan hau keke daga Jushi zuwa wani ƙaramin asibiti a Samaru, inda ta tsufa tana aikin gashin ƙashi. Bana za ta yi ritaya. Gwiwoyin masu hawa Dutsen Kufena don nishaɗi kuwa, ta gasa su har ta gaji. Takan ce hawa ba ya cin mutum, sai saukowa.

Ranar Litinin ɗin Ista ta bara ta bi matasan cocinsu hawan dutsen. Wajen saukowa Adaora, wata tela 'yar Sabon Gari da bikinta ya matso, ta diro daga kan falali. Ƙas! Gwiwa ta murɗe, ta ƙi miƙewa. Angonta Ejike ya cafki ƙafar, samari suka danne mata kafaɗu.

"Targaɗe ne," in ji shi. "Ku riƙe ta, in fizga ta koma!"

"Sake ta, ɗana!" Mama Lucia ta zube tsakaninsu tana haki. "Guringuntsin ciki ne ya yage ya maƙale. Kana ja ka ƙarasa shi."

"Mama, haka muke yi a filin ƙwallo."

"Nan ba fili ba ne!"

Amma bai saki ba. Adaora na ta kuka, don a al'adarsu amarya sai ta durƙusa ta miƙa wa ango ƙoƙon bammi gaban dangi.

"Mama, zan iya durƙusawa kuwa?"

"Za ki iya, in ya saki."

Ejike ya saki. Mama Lucia ta cire ɗankwalinta ta ɗaure ƙafar yadda take, aka sauko da ita a hannu. Likitoci suka yi aiki, aka ɗaga biki. Watanni Mama Lucia tana lanƙwasa gwiwar nan kaɗan-kaɗan, Adaora na ihu tana ce mata muguwa.

Ranar biki ta zo. Adaora ta sauka a hankali har gwiwa ta taɓa ƙasa. Ejike ya karɓi ƙoƙo ya sha. Ba ta tashi ba, sai ta juya a durƙushe ta fuskanci Mama Lucia.

Mu ma muna taya Adaora cewa: ke ce muguwar da muke so, Mama. Mun gode, Allah ya huta gajiya. Ku kuma masu hawa dutse, in wani ya faɗi, ku yi irin nata: ku hana a ja.