Muryar Cigiya a Ƙasar Kelle

Mun tashi da asuba daga Gure, ana sallame salla, mu uku cikin wata tsohuwar mota kat-kat mai shiga rairayi: ni, abokin aikina da direba. Wani gari muka nufa gaba da Kelle, inda ƙaramin gidan rediyon al'umma ya kwana tara bai ce uffan ba, saboda kwamfutarsa ta mutu. Ɗan birni zai ce ai kiɗa kawai aka rasa. To a can da rediyo ake cigiyar dabba. Shugabar gidan ta gaya mini a waya cewa raƙuman wani dattijo guda huɗu sun ɓace, kuma jibi kasuwa ke ci. In wani ya tsince su ya sayar kafin a ji cigiya, sai dai haƙuri.

Bari in bayyana aikinmu, don kada in bar ku a baya. Irin tsarin Linux da muke ɗora wa kwamfuta, ba a bin manhajoji ɗaya bayan ɗaya ana sakawa. Fayil guda kake rubutawa, ka jera duk abin da kake so kwamfutar ta ƙunsa, ita kuma ta karanta ta gina kanta a haka. Sai dai dole ka faɗa mata reshen da za ta ɗebo kayan. Akwai tsayayyen reshe, wanda aka gwada aka tace, ba ya canjawa sai gyaran kuskure. Akwai kuma mai gudana, wanda kusan kullum sabon abu ke shigowa cikinsa. Ni ɗan tsayayye ne, ban taɓa ɓoyewa ba. Abokina kuwa in bai sabunta kwamfutarsa da safe ba, shayinsa ba ya shiga. Shekara biyu muna wannan musu.

Da yake garin babu rezo na kirki, wato sabis ɗin waya da intanet, kwana uku na yi a Gure ina sauke kayan tsayayye a kan faifai. Shi ma, ba wanda ya aike shi, ya ciko nasa faifan da mai gudana. Tun a tasha na fara yi masa tsiya, na ce ya ɗauko kayan da ba za a kwance ba.

Muna barin kwalta direba ya tsaya ya rage iskar tayoyi, muka faɗa rairayi. Tudu bayan tudu, sai can ka hango kwari ya yi kore shar da dabino da goriba, mutane na ban ruwa a 'yan garakensu. Sau ɗaya muka kafe. Ni da abokina muka sauka muna turi, direba na ciki yana ba mu umarni kamar shi ya ɗauke mu aiki. A Kelle muka karya da shayi da burodi. Burodin ya fi na Gure tsada kuma ya fi shi tauri, amma cuku ya yi araha, har na sayi na tsaraba.

Da hantsi muka isa. Gidan rediyon ɗaki biyu ne, da dogon ƙarfe a tsakar gida da fanon hasken rana a kan rufi. Shugabar ta tarbe mu da fura mai sanyi. Ita ce mai karanta sanarwa, da Hausa da Barbarci, ita ce kuma mai kunna na'ura. A gindin wata aduwa na ga dattijon zaune da sandarsa a kan cinya. Kwana huɗu ke nan yana zuwa. Na durƙusa na gaishe shi.

"Ɗana, ku ne masu gyaran?" ya ce. "Yau za ta yi magana?"

"Da yardar Allah, Baba, kafin azahar."

Da na sani da ban yanka lokaci ba. Na buɗe sabuwar kwamfutar da suka samu, na ɗora tsayayye, na ba ta fayil ɗina. Komai ya zauna daram, har ina satar kallon abokina. Sai aka jona akwatin haɗa murya, wanda makirfo ke bi ta cikinsa. Shiru. Ashe sabo ne fil, bai daɗe da fitowa ba, tsayayyen reshe bai san da shi ba. Na cire, na mayar, na sake kunnawa. Aka kira azahar ina nan gumi na bin bayana. Kunya ta kama ni sosai, don ta taga ina hango dattijon bai motsa ba.

Sai abokina ya matso. Ya zaro faifansa, ya canja sunan reshe a cikin fayil ɗin, kwamfutar ta sake gina kanta. Shugabar ta hura makirfo, sai ga murya rangaɗau. Ya juyo yana murmushi har kunne.

"Mutumina, kayan da ba za a kwance ba ke nan."

Murnarsa ba ta yi nisa ba. Manhajar da shugabar ke jera sanarwa da ita ta zo da sabuwar fuska, duk maɓallan da hannunta ya saba da su sun ƙaura. Da ta buɗe tsofaffin muryoyin da ta adana, sai manhajar ta rufe kanta, sau biyu a jere. Abokina ya ce wannan ƙaramin abu ne, nan da kwana kaɗan za a gyara, sai kawai ta sabunta.

Ta ajiye makirfo ta dube shi. "Malam, da wane rezo? Ku gobe kuna Gure. Ni za a bari da ita."

Wannan maganar ce ta raba gardamar, kuma ita ta buɗe mini kai. Abin da ya sa nake son wannan tsari shi ne ba ya zubar da ginin baya. Na kashe kwamfutar, na kunna, na zaɓi ginina na farko, ta dawo yadda na bar ta. Sai na ƙara layi uku a fayil: komai daga tsayayye, ban da ɓangaren da ke gane akwatin murya, shi kaɗai a ɗauko daga mai gudana. Shi ɗin ma na ɗaure shi a kan sigar da ke faifan abokina, don kada ya gusa ko da wani ya taɓa. Abokina ya leƙo ta kafaɗata ya gyara mini wani baƙi da na tsallake, na yi kamar ban ji haushi ba.

Muka jira. Kwamfutar ta gama, shugabar ta ga maɓallanta a inda ta san su, tsofaffin muryoyi suka buɗe, makirfo ya amsa. Bayan la'asar aka shigo da dattijon. Bai yarda ya zauna a kujera ba. A tsaye ya faɗi kamannin dabbobinsa, taguwa uku da amale ɗaya, da shaidar wuta da ke wuyan kowanne, ita kuma tana maimaitawa da harshe biyu. Ina tsaye a bakin ƙofa na jiyo muryar tana fitowa daga rediyon mai shayi a ƙetaren hanya. Na yi aiki a ofisoshi masu sanyi, ban taɓa jin alfahari irin na ranar ba.

A garin muka kwana. Da safe na buga fayil ɗin a takarda na ba shugabar, na kwafe shi a kile biyu, 'yan ma'ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, na nuna mata yadda ake komawa ginin baya in wani abu ya rikice. Muka kamo hanya, rediyon mota na kama tashar har muka wuce Kelle, sannan ta koma shuu. Da yamma muka shiga Gure, duk jikinmu rairayi.

Abin da na koyo shi ne, kafin ka zaɓi reshe, ka fara tambayar wanda za a bari da na'urar. Abokina bai bar mai gudana ba, ni ma ban bar tsayayye ba, sai dai yanzu ba na fita ba tare da faifansa ba.

Ranar kasuwa da yamma shugabar ta hau tudu ta samu rezo ta kira ni. An ga taguwa ukun a bakin wata rijiya. Amalen kuwa har an kai shi kasuwa, ana cikin ciniki wani dillali ya duba wuyansa, ya ce a dakata, ya ji wannan shaidar a rediyo. Ta ce dattijon na kusa da ita, yana son magana. Na ji an miƙa masa wayar, ya yi gyaran murya.

"Ɗana," ya ce, "ka ce kafin azahar, sai bayan la'asar. Amma Allah ya yi maka albarka."