Yadda Na Kashe Netiwok Ranar Jarrabawa

Ni ɗan gidan malamai ne a Tambuwal. Bayan na gama makarantar fasaha na dawo gida da sana'ar haɗa kwamfutoci. Wani Alhaji da ya buɗe cibiyar rubuta jarrabawa da kwamfuta ya ba ni aikin haɗa masa netiwok, ya damƙa min makullin ɗakin na'urori.

A ɗakin akwai suwic uku, wato akwatunan da wayoyin kwamfutoci ke haɗuwa a cikinsu. Na haɗa su kamar zobe, don in waya ɗaya ta yanke saƙo ya bi ta ɗaya gefen. Sai dai saƙo kan yi ta zagaya zoben har komai ya tsaya, in ba a yi wani saiti da muke kira MSTP ba. Shi ke rufe hanya ɗaya ya ajiye ta, ya ba kowane rukunin kwamfutoci tasa hanyar. Na yi aikin da kyau, har aka yi wata shida ba a neme ni ba. Wannan ya fara ci min rai.

Wata rana na shiga kamar ziyara, na kashe saitin. Komai ya tsaya, na gyara, aka biya ni kuɗin gyara, Alhaji yana sa min albarka. Na maimaita ya fi sau biyar. Da na ga ba mai ganewa, na kwashe suwic ukun na sayar, na sa masu araha da ba su da saitin, na cire wayar da ke cika zoben don kada saƙo ya yi ta zagayawa.

Ranar jarrabawar shiga jami'a ɗaya daga cikin suwic ɗin masu araha ya ƙone saboda zafi, netiwok ya tsaya. Babu wata hanya ta biyu, ni na cire ta da hannuna. Ina tsaye a bakin ɗakin wani dattijo ya same ni. Tun daga Kebbe ya goyo 'yarsa a babur.

"Injiniya, mi muka ciki?" in ji shi. "Ɗiyata shekara guda tana karatu. Mu jira?"

Na ce su jira. Ya ce Allah shi taimake ni, ya koma gindin bishiya. Suna nan har la'asar, ba a yi jarrabawar ba.

Washegari aka kawo wani injiniya daga Sakkwato. Yana buɗe ɗakin ya ce, "Ina na'urorin da aka saya?" Nan asirina ya tonu, kotu ta ɗaure ni shekara biyu.

Mahaifina ya zo gidan yari sau ɗaya. Bai yi min faɗa ba. Ya ce, "Ka san sunayen ɗiyan da ka zalunta?" Ban san ko ɗaya ba. Ya tashi ya tafi.

Na fito, na tuba, Alhaji ya yafe min. Yanzu gero nake nomawa, don ba mai sake ba ni makulli.

Matasa masu koyon wannan aiki, za a amince muku da abin da mai shi kansa bai fahimta ba. Kada ku ɓata don a kira ku gyara. Mai cibiya na san gidansa, na je na roƙe shi. Yaran nan kuwa har yau ban san inda zan same su ba.